Awarwaron Gwaggo Yalwa

Wata rana na je rumfar wani maƙerin gwal a Zariya, a gyara min ɗan kunne.

Ɗan kunnen bai kai a yi rubutu a kansa ba. Ƙugiyarsa ce ta karye, kuma ko da lafiyarsa bai taɓa hana wata mace barci ba.

Na zauna a benci ina jiran Malam Tanimu, mai rumfar, ya sallami wata mata da ta riga ni. Za ta yi shekara arba'in. Hijabi mai ruwan toka, gilashi a ido. Irin matan nan da in suka dube ka sai ka tuna akwai aikin gida da ba ka yi ba tun kana aji uku.

Ta ajiye awarwaro ɗaya a gabansa, mai kauri, sai ɗaukar ido yake.

Ta ce, "Irin wannan nake so, guda biyu. Zane ɗaya, nauyi ɗaya. Ciki jan ƙarfe, waje gwal. Kashi tara jan ƙarfe, kashi ɗaya gwal. Kada ka ƙara ko ƙwayar gero."

Malam Tanimu ya sauke gilashinsa ya dube ta.

"Hajiya, kullum roƙona ake yi kada in rage gwal. Ke ce ta farko da ta zo tana ja min kunne kada in ƙara."

"To yau ka ga sabon abu."

"Hatimi fa? Wannan na ga an buga masa karat ashirin da ɗaya daga ciki."

"Nawa kada ka buga komai. Ban iya sa ƙarfe ya yi ƙarya ba."

Ni ba na shiga abin da ba ruwana.

Haka dai nake gaya wa mutane.

Na matsa kusa, na gaishe ta, na ce don Allah in ba sirri ba ne, wa ya yi mata laifin da ya kai haka?

Ta dube ni ta saman gilashi. Sai ta gyara zama, kamar wadda ta daɗe tana jiran a yi mata wannan tambaya.

Ba zan faɗi sunanta ba. Malama zan kira ta, don malamar fiziks ce a wata kwalejin kimiyya.

Mahaifinta ya rasu tana ƙarama. Mahaifiyarta, wadda take kira Inna, ita ta ja ragamar gidan da ƙosai da ɗinkin hula. Da auren Malama ya zo, kayan ɗaki ba yabo ba fallasa.

Ranar wuni sai ga yayar mahaifinta, Gwaggo Yalwa.

Gwaggo Yalwa 'yar kasuwa ce. Gwal take sarowa daga Dubai tun kafin zuwa Dubai ya zama kamar zuwa Kaduna.

Ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga awarwaron nan sama, yadda rana za ta same shi. Ta sa maroƙiya ta faɗa sau ba adadi cewa marainiya ba ta yi maraici ba. Aka zagaya da shi hannu hannu, kowace mace ta taɓa ta sa albarka. Inna ta durƙusa a gaban mutane tana kuka tana godiya.

Malama ta ce, "Daga ranar Inna ba ta ƙara miƙewa sosai ba."

Duk wata hidima a gidan Gwaggo, suna ne, biki ne, saukar Alƙur'ani ce, Inna ce a gindin murhu. Sauran matan dangi suna falo ana zuba musu lemo, ita tana bayan gida tana kankare tukunya. In ta ɗan makara, Gwaggo ba ta faɗa. Ita ba ta faɗa. Sai dai ta yi murmushi ta ce, "Wai ina awarwaron nan, yana nan dai ko?"

Shi ke nan. Gori mai tsafta, ba ya barin tabo a riga.

Awarwaron kuwa yana ƙasan akwati, a naɗe cikin auduga. Inna ta hana a sa shi, kada ya goge.

Sai Inna ta kwanta ciwon ƙoda.

Malama ta ce za ta sayar da awarwaron a ci gaba da wankin ƙoda. Magana ta kai kunnen Gwaggo. Matar da ba ta taɓa taka gidansu ba tun ranar wuni, sai ga ta a Keke Napep, da rana tsaka, ko direbanta ba ta jira ba.

Ta ce kyautar zumunci ba a kai ta kasuwa. Ta ce in aka ga awarwaronta a hannun dillalai an tozarta ta. Ta ce in aka sayar ba ta yafe ba.

Inna, daga kan gado, ta ce a bi maganar Hajiya.

Malama ta sayar da filinta a maimakonsa.

Inna ta rasu bayan 'yan watanni. Ban ce awarwaro zai hana ajali ba. Ita ma Malama ba ta ce ba.

Amma kafin ta cika ta bar wasiyya ɗaya. Ta ce, "Ranar auren Walida ki ninka wa Gwaggonki. Kada a ce mun ci mun goge baki."

Walida ita ce 'yar Gwaggo ta uku.

Ga maza masu karatu, bari in yi muku fassara. A wajenmu mata, abin da aka kawo miki ranar bikinki ba kyauta ba ce zalla. Shuka ce. Ranar bikin wadda ta kawo, ke ma ki kai, kuma ki ninka. Wadda ta kasa, za a yafe mata a baki, a ajiye mata a ciki.

Da aka sa ranar Walida, Malama ta ciro awarwaron ta tafi da shi ɗakin gwaje-gwajen makarantarsu. Nufinta kawai ta san nauyinsa, don ta san abin da za ta ninka. Har ta fara tunanin wace kadara ta rage mata da za ta ɗaga.

Ta ɗora a sikeli. Giram hamsin da bakwai.

Ta ce da nan ta tsaya, da yanzu tana cikin masu yi wa Gwaggo addu'a bayan kowace salla.

Amma ga zare a kan tebur, ga kofin ruwa, ragowar darasin da ta koyar da safe. Hannu ya saba. Ta ɗaura awarwaron da zare, ta rataye shi a sikelin, ta tsoma shi cikin ruwa.

Giram hamsin da ɗaya.

Ga waɗanda suka yi barci a ajin fiziks, kuma na san muna da yawa, abin ba wuya. Duk abin da ka tsoma a ruwa yana rage nauyi daidai da nauyin ruwan da ya ture. Ya rage giram shida, ke nan girmansa mililita shida ne. Raba hamsin da bakwai gida shida. Tara da rabi.

Gwal tsantsa, kowace mililita tasa ta haura giram goma sha tara. Gwal ɗin Dubai, mai hatimin ashirin da ɗaya, yana wajen sha shida zuwa sha bakwai. Jan ƙarfe kuwa bai cika tara ba.

Awarwaron Gwaggo ya ba da tara da rabi.

Wato ya fi jan ƙarfe daraja, amma da kaɗan.

Malama ta ce ta fara zargin sikelin. Ta sake wani. Ta zargi ruwan, ta zubar ta ɗebo sabo. Ta zargi zaren. Ta ƙwanƙwasa awarwaron ko akwai rami a cikinsa, don abu mai rami yakan ruɗi wannan gwaji. Babu rami.

Sai ta ɗauki alli ta je allo, ita kaɗai a ɗakin.

Lissafin ɗan aji ɗaya ne. Gwal ɗin da ke ciki yana cin nasa wurin, jan ƙarfen yana cin nasa, in ka haɗa dole su ba ka mililita shida. Nauyinsu kuma dole ya ba ka hamsin da bakwai. Ta warware.

Gwal: giram shida, har da yi masa alfarma.

Saura hamsin da ɗaya jan ƙarfe ne, irin wanda ke cikin wayar lantarki.

Ta ce, "Na tsaya ina kallon allon. Ba gwal ɗin nake gani ba. Hannun Inna nake gani a cikin ruwan wanke-wanke."

Ni mai shakka ce tun asali. Ko an ce min ana ruwa sai na miƙa hannu ta taga. Na ce, "Malama, lissafinki ya ɗauka ƙarfe biyu ne kawai a ciki. In akwai na uku fa?"

Ta ce, "Shi ya sa na kawo wa Malam Tanimu makon jiya ya ɗan goga daga ciki."

Malam Tanimu, ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "Riga ce mai kauri, an kashe mata aiki. Amma ƙarƙashinta ja wur."

Na ce, "To wataƙila ita ma Gwaggon cutarta aka yi. Ana sayar wa mutane jabu."

Malama ta yi dariya ba sauti.

"Gwaggo tana ɗora ɗan kunne a tafin hannu ta gaya miki giram nawa ne kafin sikeli ya buɗe ido. Kuma ki tambayi kanki, me ya hau da ita Keke Napep da rana tsaka?"

Na tambayi kaina.

Ban daɗe ina jiran amsa ba.

Da za ta tafi ta ce, "Wunin ranar Asabar ta sama ne, a Tudun Wada. Ki zo in kina so. Ba mai tambayar kati."

Ni da ba na zuwa bikin dangina sai an haɗa ni da Allah, sai ga ni ina tambayar kalar anko.

Ranar wuni gida ya cika. Rumfuna har bakin titi, kujeru, turare kamar a yanka da wuƙa. Gwaggo Yalwa na zaune a tsakiya cikin leshi mai nauyi, wuya da hannu duk gwal. Na jikinta kam, ko ni da ba ni da sikeli na san na gaske ne.

A gefenta dangin ango. Wata da ke kusa da ni, wadda ban tambaye ta komai ba, ta sanar da ni cewa makonni ke nan Hajiya tana gaya musu 'yar ƙaninta za ta kawo ramuwar biki, awarwaro biyu na gwal, kuma da su amarya za ta shiga ɗakinta. Ta ƙara da cewa yayar uwar ango ma harkar gwal take yi a Kano.

Na ce Allah Sarki.

Malama ta iso bayan la'asar. Wannan karon ba hijabi mai ruwan toka. Ta sha anko, ta ɗaura ɗankwali ya zauna. A hannunta na dama kuma, a karon farko tun da aka ba ta, awarwaron Gwaggo.

Ta ja ni na bi bayanta riƙe da jakarta, kamar ƙawar amarya.

Ta raɗa wa maroƙiya magana. Maroƙiya ta ɗaga lasifika.

"Jama'a a saurara! Ga ramuwar biki daga ɗakin marigayiya! Irin wanda Hajiya Yalwa ta bayar, sak, ba ragi ba ƙari, an ninka shi biyu!"

Guɗa ta tashi. Wayoyi suka tashi.

Gwaggo ta miƙe tana murmushi har kunne. Ta buɗe akwatin, ta ciro awarwaro biyu ta ɗora a tafin hannu.

Na zuba wa hannun ido.

Ya ɗan yi sama, ya ɗan yi ƙasa. Sau ɗaya tak.

Murmushin bai bar fuskarta ba. Sai dai ya zama kamar wanda aka manta a wurin.

Ta jawo Malama ta rungume, saboda masu ɗaukar hoto. Ina tsaye dab da su.

"Ke. Wannan ba gwal ba ne."

"Irin naki ne, Gwaggo. Inna ta ce in ninka."

"Ni za ki wulaƙanta a gaban surukai?"

"Na farkon ga shi a hannuna, zare yana cikin jaka. A kawo kofin ruwa mu tsoma su ukun?"

Ban san tsawon lokacin da suka yi a rungume ba. Matan da ke kallo har sun fara share hawaye, suna cewa ka ga zumunci.

Daga gefe yayar uwar ango ta miƙo hannu. "Hajiya, a zagayo da su mana mu sa albarka."

Gwaggo Yalwa, matar da ba ta taɓa ba da ko cokali ba sai an zagaya da shi unguwa, ta damƙe hannunta ta ce, "A'a Hajiya, a bari sai an kai amarya. Kin san bakin mutane."

Sai Malama ta karɓi lasifika daga hannun maroƙiya, ta miƙa wa Gwaggo da hannu biyu, cikin ladabi. A hankali ta ce, "Sunan Inna za ki faɗa. Ba nawa ba."

Gwaggo ta dubi lasifikar. Ta dubi hannun Malama na dama. Ta dubi surukanta.

Ta karɓa.

Jama'a, na sha jin wa'azi, na sha jin jawabin 'yan siyasa. Ban taɓa jin an yabi mamaci kamar yadda aka yabi Inna ranar nan ba. Mace mai amana. Mace mai cika alkawari ko tana kabari. Mace da duk dangin nan ba wanda ya kama ƙafarta. Gwaggo ta ce ita ce ma ya kamata ta riƙa wanke wa marigayiya tukunya.

Wannan jimlar ba wanda ya roƙe ta. Da alama in mutum ya fara gangara, birki yakan yi wuya.

Malama tana tsaye, hannu a harɗe, tana amsawa da amin. Ba ta yi kuka ba. Da aka gama ta ci shinkafarta, ta karɓi robar rabo, muka fita.

A bakin ƙofa na ce, "Amarya fa? Ita ba ta yi miki komai ba. Gobe za a buɗe kayanta a gaban mai sayar da gwal."

Ta ce, "Gwaggo ta riga ta gaya wa surukai awarwaro biyu na gwal za su gani. Kuma a garin nan na san mace ɗaya da ke da na gaske irinsu a akwati."

Haka kuwa aka yi.

Washegari aka kai Walida da awarwaro biyu, giram hamsin da bakwai kowanne. Yayar uwar ango ta ɗaga, ta jinjina, ta ce Masha Allah, wannan na Dubai ne na asali. Kowa ya yaba wa ɗakin marigayiya.

A iya sanina, wannan ne karon farko da Gwaggo Yalwa ta yi kyautar gwal. Kuma ba da sunanta ba.

Bayan wata guda na koma karɓar ɗan kunnena, don Malam Tanimu ba ya cikin masu gaggawa.

Na tarar da mata biyu a kan benci. Kowacce da awarwaro a hannu, zane irin wanda na sani. Kowacce tana son guda biyu. Kashi tara, kashi ɗaya.

Na kira Malama a waya na ce ashe ta tona.

Ta ce, "Ni? Ban gaya wa kowa komai ba. Na dai rubuta a zauren dangi na waya cewa duk mai son a auna mata kayanta kyauta, ina ɗakin gwaji ranar Laraba."

Na ce mutum nawa suka zo?

Ta ce, "Ruwa dai sai da aka ƙaro."

Gwaggo Yalwa tana da sauran 'yan mata biyu a gida. An sa ranar ɗaya bayan Babbar Salla.

Na san abin da wasunku za su rubuta a ƙasa. Za ku ce da ta yafe. Gaskiya ne, yafiya ta fi, kuma ina yi wa masu iyawa fatan alheri daga nesa. Sai dai ku lura, ba ta zagi kowa ba, ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi ƙarya ko ta kalma ɗaya ba. Uwa ta ce a ninka, 'ya ta ninka. In akwai wanda abin ya yi wa ciwo, to ya duba abin da ya shuka.

Darasi:

Kafin ka durƙusa wa wani saboda alherin da ya yi maka, auna alherin. Wani nauyin da kake ɗauke da shi shekara da shekaru, kashi tara jan ƙarfe ne.

Kai kuma mai kyauta da lasifika, ka ba da abin da za ka so a dawo maka da shi ninki biyu. Ana dawowa da shi.

Ku tura wannan zauren danginku, kada ku ƙara ko kalma. Sai ku zuba ido ku ga wace ce za ta fara cewa ai irin waɗannan labaran ba su da amfani.